Hoton Idon Surukata

Na gaji da jin wannan magana, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar sunan jaririn 'yar'uwarku Habiba ina zaune a zaure na ji wata daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa baƙi a tsakar gida wai hasken na'urar Baba ne ya ƙona wa Inna idonta na dama. Ta faɗa hankalinta kwance kamar mai ba da labarin kasuwar Laraba. Haba jama'a! Kusan shekara ashirin ana tauna magana ɗaya, an haifi yara a cikinta, sun girma sun yi aure suna ci gaba da taunawa. To ku zauna ku ji daga bakin wanda ya danna maɓallin. Kakarku ta rasa ido ɗaya, wannan gaskiya ne, kuma akwai mai laifi. Amma ku daina ɗora wa ƙarfe.

Kafin in shiga aikin ido, kun sani, mai hoto ne ni a cikin garin Daura. Hoton suna, hoton fasfo na maniyyata, hoton 'yan makaranta, duk na yi. Bayan an ƙaddamar da shari'a da 'yan shekaru, kasuwar hoton biki ta ja baya, don an rage taron da ake cakuɗa maza da mata, ni kuwa a can abincina yake. Ana nan sai wani likitan ido daga Kano, Dakta Habibu, ya zo da aikin bincike kan yadda ciwon suga yake cin ido ta ciki mutum bai sani ba. Aka ba shi ɗaki biyu a bayan asibiti, ya ajiye wata kyamara mai girman keken ɗinki, ya ce yana neman wanda hannunsa ba ya rawa. Aka nuna masa ni. Aikin kuwa ga yadda yake. Za a ɗiga wa mutum magani ƙwayar idonsa ta buɗe, a zaunar da shi a ɗaki mai duhu, ya ɗora haɓarsa a kan ƙarfe, kai kuma ka zauna gabansa gwiwarka na taɓa tasa, ka leƙa ta cikin kyamarar har ka hango can bayan idon. Wurin ja ne kamar gwaiduwar ƙwai, jijiyoyi sun ratsa shi. In ka daidaita sai ka danna, haske ya walƙa, hoto ya fito a kwamfuta. Ba a sa wa hoto suna, lamba ake sa masa, a kwafe a faifai a aika Kano masu karantawa su duba. Wanda suka ga jini ya fara tsatsa a idonsa, a tura shi a yi masa aiki tun yana gani. Wanda hotonsa bai fito ba, a dawo da takarda a ce a sake.

Sirrin aikin ɗaya ne, kuma Dakta ya faɗa mini tun ranar farko: ba a yin sa da lallami. Dole ka sa babban yatsanka ka ɗaga fatar idon mutum, dole ka ba shi umarni. Buɗe! Kar ka ƙifta! Kalli nan! Na yi wa dagatai haka, na yi wa limamai, na yi wa wani alƙali da in ya yi gyaran murya kotu take tsit. Duk sun bi. A wannan ɗaki ni ne sarki, ina kuma jin daɗin sarautar, ba zan ɓoye muku ba. Matsalar mata ce kawai ta taso, don ba wanda zai yarda a rufe ƙofa da matarsa da wani ƙato a cikin duhu. Dakta ya zauna da malaman gari aka yi yarjejeniya, mace ba za a ɗauki hoton idonta ba sai ta hannun mace ko muharraminta. Aka koya wa wata ma'aikaciyar jinya, Malama Binta, aka ware wa mata Talata da Alhamis. Shi kansa Dakta in ranar mata ce a ɗakin waje yake zama.

Inna kuwa ta daɗe da ciwon suga a Baure, tana shan magani in ta ga dama. Uwarku Mariya ce ta dame ta har ta yarda ta zo. Ku tuna yadda muke da ita a lokacin. Shekara goma sha shida ina auren 'yarta ban taɓa sanin ko tana da wushirya ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa, ita tana bayan labule, uwarku tana kai magana tana kawowa. In muka yi kiciɓis a hanya, ni in bi ta gabas ita ta bi ta yamma. Ba ta taɓa kiran sunana ba, mutumin Daura take ce mini. Ni ma har yau, ga shi tana kabari, hannuna ya ƙi rubuta nata sunan. Haka muka taso, ban kuma ce abu ne maras kyau ba.

Ranar Talata ce cikin bazara, zafi kamar ya fasa kai. Suka iso da hantsi a motar haya, Inna ba ta karya ba saboda gwajin jini. Aka gwada, aka ɗiga mata magani, ƙwayar ido ta buɗe. Sai ga saƙo wai Malama Binta naƙuda ta kama ta tun da asuba, an wuce da ita ɗakin haihuwa. Sauran matan aka ce su koma sai an neme su. Ni har na fara naɗe wayoyi ina hamdala, sai Dakta ya leƙo.

"Malam Isuhu, ina za ka? Ga Hajiya nan ta taso tun daga Baure, an riga an sa mata magani."

Na ce, "Dakta, ai surukata ce."

Ya ce, "To ai shi ya sa. Duk faɗin asibitin nan kai kaɗai ne namijin da shari'a ta yarje wa. Muharramarka ce har abada. Ni da nake likita an hana ni, kai an ba ka. Shiga ka yi aikinka."

Na ce, "Ba maganar shari'a ba ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Maganar me ce? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Gaskiyarsa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ma addini ne ya hana, da na sami abin jingina. Na je allo, na yi zaure, na san babin sarai. Babu aya babu hadisi da ya ce kar in dubi fuskar uwar matata. Kunya ce zalla, irin tamu, wadda in ta kama mutum ko hayaƙi ya gani a rigar surukinsa sai ya tsaya neman wanda zai aika.

Muka shiga mu uku, ni da Inna da uwarku, aka ja labule. Inna ta zauna ta ɗora haɓa, ta ja mayafi har gira, ta dubi ƙasa. Ni na zauna a karkace don kada gwiwata ta taɓa tata. Mutumin da yake daka wa alƙali tsawa, sai ga shi yana raɗa.

"Ki ce wa Inna in ba damuwa ta ɗan ɗago."

Uwarku ta ce, "Inna, wai ki ɗago."

Inna ta ce, "Ki ce masa na ɗago."

Wallahi ba ta ɗago ba. Na leƙa, ba abin da nake gani sai gashin ido da ɗan ja-ja a ƙasa. Abin da ya kamata in yi na san shi, yatsa ɗaya ne zan miƙa in ɗaga fatar. Hannun ya tashi ya kai rabi ya dawo kan cinyata. Na ce uwarku ta ɗaga mata, ita kuma ta ja fatar gefe kamar mai cire tsinke, ta ƙara ɓata abin. Na danna a idon dama, na danna a na hagu, ban ma tsaya na dubi kwamfuta da kyau ba, na miƙe.

"Ki ce wa Inna an gama. Hoto ya yi."

Inna ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Wannan kalma, hoto ya yi, ita ce ta ɗaure ni. Ni da na yi shekaru ina mayar da amare su sake tsayawa saboda inuwar hanci, na san hoton nan bai yi ba tun kafin hasken ya mutu. Amma na kwafe shi cikin faifan makon, na ce a raina wataƙila masu karantawa su ga wani abu. Bayan wata guda takarda ta dawo daga Kano da lambobi uku da za a sake, lambar Inna ce ta biyu. Sauran biyun na aika aka kira su a satin. Ta Inna na ninke na sa a aljihun tebur. Me zan ce? In aika Baure a gaya wa surukata cewa na yi mata ƙarya, ta sake hawa mota ta zo? Na ce bari Binta ta dawo. Binta ta gama wanka ta dawo, sai na ce damina ta faɗi, Inna tana fama da gyaɗarta. Dakta ya tambaye ni sau biyu, na ce za ta zo bayan girbi. Aka yi girbi, azumi ya kama, na ce ai tsofaffi ba sa yarda a ɗiga musu magani da rana don suna jin ɗacinsa a maƙogwaro. Kowane uzuri gaskiya ne, kuma kowanne ni na nemo shi. Uwarku ba ta san da takardar ba. In ta ce, Malam, sakamakon Inna fa, sai in ce shiru ai alheri ne.

Kwana tara bayan ƙaramar salla, Inna tana tankaɗe da safe sai ta ga wani jan hayaƙi ya taso a idonta na dama. Kafin azahar ba ta bambance ƙofa da bango da wannan idon. Jijiya ce ta fashe a ciki, jini ya cika shi. Kawunku Sale, yayan uwarku, wanda yake fataucin awaki ta kan iyakar Kongolam, shi ne ya fara buga gangar. Ya zo har ƙofar gidana da rana tsaka, ko sallama bai gama ba.

"Kai mai hoto! Tsohuwa ta je wurinka da idonta biyu garau, ka haska mata walƙiya a ciki. To ga shi nan. Tun ranar take cewa tana ganin kore-kore."

Na ce, "Yaya Sale, kore-koren nan minti biyar yake yi ya wuce. Wata bakwai fa ke nan."

Ya ce, "Dafin maciji ma ai ba a take yake kisa ba."

Ka ji mutum! Wanda bai taɓa ganin cikin ido ba sai na akuya ranar layya, shi ne zai koya mini aikin haske. Na so in wanke shi tas, amma da me? In na ce ba haske ba ne, zai ce to mene ne, amsar kuma tana ninke a aljihun teburina. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun ya kai Baure a matsayin shaida.

Washegari na fito da takardar na ajiye gaban Dakta. Ya karanta, ya buɗe hoton a kwamfuta, ya daɗe yana kallo. Can ya sa bakin biro a ɗan wurin da ya fito tsakanin gashin ido, ya nuna mini wasu siraran jijiyoyi da suka tsiro inda bai kamata ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

"Da an sake hoton nan a watan da aka ce, da an ƙone waɗannan a Kano, da tana gani. Na dama dai sai addu'a. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na hagun ma haka yake ko ya kusa. Ina son hotonsa cikin satin nan. Binta kuma ta bi mijinta Funtuwa, ka sani. Saura kai."

Muka aika uwarku, ta dawo tana kuka. Inna ta ce ido ɗaya ya rage mata, ba za ta kai shi inda aka cinye ɗan'uwansa ba, Sale kuma ya ce duk wanda ya fitar da ita daga gida sai sun haɗu a gaban alƙali. Muka aika limamin unguwarsu, ya je ya yi nasiha ya sha fura ya dawo. Kwana huɗu suka tafi a aike-aike. Ran na biyar na tashi da wani irin haushi, na kaina da na kowa, na hau babur ban karya ba na kama hanyar Baure. Na isa ana shanya gero a tsakar gida. Na yi sallama, na cire takalmi a inda na saba, sai dai ban durƙusa a nan ba. Na ɗaga labulen na shiga. Matan gidan suka saki salati kamar an ga kura. Inna tana zaune a bakin gado, ta rarumi mayafi za ta rufe fuska. Na zauna a ƙasa dab da ita, na ɗaga kai na dube ta. Ashe tana da wushirya, ashe hancin Habiba nata ne.

Na ce, "Inna, yau ba ɗan aike. Ni zan faɗa, ke za ki ji."

Ta juya fuska bango ta ce, "A kira mini Mariya."

Na ce, "Mariya tana Daura. Inna, ba haske ba ne. Hoton da na ɗauka bai yi ba, na ce miki ya yi. An aiko a sake tun kafin shuka, na ɓoye takardar don ina jin nauyinki. Da na kira ki, da idon nan yana nan. Na hagun ma yana hanya. In kin ga dama ki tsine mini, amma ki tsine mini a kan babur."

Ɗakin ya yi tsit har ina jin kaji suna tsattsagar gero a waje. Da ta buɗe baki, karo na farko ke nan a duniya da ta yi mini magana ba ta bakin wani ba.

"Wa ka gaya wa wannan?"

Na ce, "Likita kaɗai."

Ta ce, "To ya tsaya nan. In Sale ya ji, sai ya raba ka da 'yata, in kuma Mariya ta ji, ba za ta ƙara kallon ka da daraja ba. A bar ƙarfen ya ɗauka, shi ba shi da 'ya'ya. Miƙo mini takalmina."

A mota muka taho, don ta ce ko mutuwa za ta yi ba za ta hau bayan surukinta ba, na bar babur ɗin a can. Sale yana kasuwa, kafin ya ji labari mun wuce. A ɗakin duhu na zauna sosai, gwiwa da gwiwa. Na sa yatsa na ɗaga fatar idonta, tana da laushi kamar ta jariri, hannuna kuma bai yi rawa ba. Na ce buɗe, ta buɗe. Na ce kar ki ƙifta, da irin muryar da nake yi wa kowa, ba ta ƙifta ba. Hoton ya fito tar, mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma mafi muni, don jijiyoyin nan sun tsiro ko'ina, saura ƙiris. Kwana biyu bayan nan tana Kano aka yi mata aiki. Da wannan ido ta ga aurenku ku uku, da shi ta yi tsintar shinkafa shekara goma sha ɗaya.

Kada ku ce abin ya ƙare lafiya, don bai ƙare ba. A Baure aka sa mini suna marar kunya, mutumin da ya faɗa ɗakin surukarsa ya zauna. Sale har ya mutu gaisuwar mutuwa kaɗai ke haɗa mu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da yake hana ni sakewa shi ne labarin na'ura mai ƙona ido ya bi ƙauyuka, mutanen wajen suka daina zuwa. Akwai masu suga da na sani da suka ƙi zama gaban kyamarar, daga baya na riƙa ganin su ana ja musu sanda. Ina ji ina gani, kalma ɗaya zan faɗa a masallaci in kashe maganar, amma na riƙe alkawarin tsohuwa, kuma in faɗi gaskiya alkawarin ya yi mini daɗi. Uwarku sai bara na gaya mata. Ta yi kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta ce ga shi ba.

Da ni da Inna kuwa, bayan an dawo daga Kano labule ya koma inda yake, ɗan aike ya koma aikinsa, kamar ba a yi komai ba. Sau ɗaya kawai ta sake yi mini magana kai tsaye, a ciwonta na ƙarshe, a nan ɗakin uwarku. Na shigo duba ta da la'asar, na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta ce kowa ya fita. Ta juyo da idon mai gani wajena.

"Malam, har yanzu kana ɗauke da maganar nan?"

Na ce, "Ina ɗauke da ita, Inna."

Ta ce, "To rage mini rabi. Ranar nan ta farko na ji numfashinka, na san kana cikin wahala. Da gangan na runtse, don ka yi sauri ka huta."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, na ja da baya na fita kamar yadda na saba. Ran Juma'a aka yi mata sutura.